Ƙwan Mesa Bakwai a Aboabo: Yadda Raɓa Ta Kusa Cinye Mana Kwanci Guda

Sana'ata ƙyanƙyasar ƙwan kaji da na zabi ce. Na haura shekara 10 ina yin ta a bayan gidanmu a Aboabo, nan Kumasi, da injina biyu na saye da wani tsohon firji da na mayar injin ƙyanƙyasa da hannuna. Masu kawo ƙwan zabi daga Bolga da Tamale sun san ƙofata. Ƙwan maciji kuwa ban taɓa ko riƙe shi ba, sai wata ranar Laraba a ƙarshen Fabrairu da ɗan yayata ya shigo bayan la'asar da roba a rungume, ya lulluɓe ta da tawul.

Yaron yana aiki ne a wajen wani mai lasisin kiwo da fitar da dabbobi masu jan ciki, can bayan gari ta hanyar Mampong. Da yawa a zango ba su san wannan sana'a ce mai rajista ba. Ghana da Togo da Benin su ne manyan masu fitar da ƙaramar mesar nan da ke dunƙulewa kamar ƙwallo idan ta tsorata, wadda masana ke kira Python regius, zuwa Amurka da Turai, inda ake ajiye ta a gida kamar yadda muke ajiye aku. Ba ta da dafi, kuma da wuya ta wuce mita ɗaya da rabi. Tana cikin rukuni na biyu na CITES, yarjejeniyar ƙasa da ƙasa kan cinikin namun daji, don haka ba ta fita ƙasar nan sai da takardar sashen namun daji na Hukumar Gandun Daji. Mafarauta kan haƙo uwaye masu ciki daga ramukan ɓeraye da tsofaffin suri da rani, a ajiye su har su saka ƙwai, a ƙyanƙyashe, sannan a mayar da uwayen daji tare da wani kaso na 'ya'yan.

Wannan uwar daga wajen Ejura aka kawo ta. A cikin buhu ta saka ƙwan, a kan hanya, kuma da aka sauke ta ta ƙi naɗe su. Injin maigidan yaron kuma ya ƙone a makon.

"Kawu, ka taimake ni," ya ce. "Alhaji ya ce in sun mutu a hannuna ba zai sake ba ni amana ba. Kai ne kaɗai na sani mai inji."

Na ce sai na ga takardar maigidansa, kuma sai ya kira ni da kansa. Aka yi haka. Uwargida ce ta fi wuyar shawo kai. "Malam, maciji a gidan da yara ke wasa?" Ban ga laifinta ba. A garinsu an sha binne mutanen da kububuwa ta sara, kuma wanda maciji ya sara in ya ga baƙin tsumma gudu yake yi. Muka yi yarjejeniya: firjin zai zauna a ɗakin baya da kwaɗo, kuma ranar da suka fito, ranar za su bar gidan.

Abu na farko da ya zame mini dole shi ne in ajiye kusan duk abin da hannuna ya saba. Ƙwan kaza yana son digiri 37.5, ana juya shi sau da yawa a rana, danshinsa bai wuce kashi 50 zuwa 55 ba sai a kwana ukun ƙarshe, ya fashe a kwana 21. Na zabo kwana 26 zuwa 28. Ƙwan mesa a wannan zafin mutuwa zai yi. Shi digiri 31 zuwa 32 yake so, kwana 55 zuwa 60, kuma ba a juya shi ko sau ɗaya, domin jim kaɗan bayan an saka shi ɗan tayin yake manne wa saman ɓawon daga ciki. In ka kifa shi, gwaiduwa na iya danne shi. Ɓawon ma ba mai tauri ba ne. Laushi gare shi kamar jemammiyar fatar akuya, yana shan ruwa yana kuma fitarwa. Nan ne duk matsalarmu ta samo asali.

Ƙwan bakwai ne. Shida farare tas, manne da juna kamar curin fura, kowanne ya cika tafin hannu. Na bakwai ƙarami ne, rawaya-rawaya, da santsi kamar an shafa masa kakin zuma. Da dare muka kashe fitila muka haska su da tocila: a cikin shidan jijiyoyin jini ja suka bayyana, na bakwai fayau. Baragurbi ne tun daga cikin uwarsa, muka cire shi. Na ɗiga wa sauran alama da fensir a sama don kada a rikita kwanciyarsu.

Masu kiwo a ƙasashen waje suna amfani da wani ma'adini mara nauyi da ake kira bamikulait, su kwaɓa shi da ruwa daidai nauyinsa, gram ɗaya na ruwa ga gram ɗaya nasa. Ba mu da shi a hannu ranar. Yaron ya ce a wurin aikinsu dusar katako suke jiƙawa, sai muka ɗebo wajen kafintoci, muka jiƙa har in ka matse ta dunƙule ba tare da ɗiga ba. Muka huda ramuka takwas a jikin robar, muka saita na'urar daidaita zafi a 31.5, muka jefa ƙaramin ma'aunin danshi irin mai batir da ya sayo a Adum. Abin da ban yi ba, wanda da na yi shi da labarin ya gajarta, shi ne ɗora robar gaba ɗayanta a kan sikeli in rubuta nauyinta.

Kwana 10 na farko lafiya lau. A kwana na 11 ƙwai biyu na sama suka lotsa, kamar an danna su da babban yatsa.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne, da mun tsaya mun duba. Hunturu bai gama sakin gari ba, iskar dare a bushe take. Firjin kuma na kaji ne, yana da fanka mai juyawa dare da rana, tana kaɗa iska ta cikin ramukan nan takwas tana kwashe laimar dusar. Saman dusar ya bushe ƙarau alhali ƙasanta da sauran danshi. Gyaran da ya dace ƙarami ne: a toshe yawancin ramukan, a kare robar daga bakin fankar, a zuba ruwa kaɗan mai ɗumi a kusurwa nesa da ƙwan, a jira kwana biyu ko uku. Ƙwan da ya lotsa da wuri yakan sake cika in iska ta jiƙu.

Ba haka aka yi ba. Makon nan na tafi Techiman ɗaukar ƙwai, na bar wa yaron makulli. Ma'aunin yana nuna masa kashi 70, shi kuma ya ji a wayarsa cewa dole sai 90 zuwa sama. Ya toshe ramukan duka da salatif. Ya sayo kwalbar feshi irin ta masu aski, yana fesa wa ƙwan ruwa kai tsaye safe da yamma. Lambar ta ƙi motsawa, ya ƙara kofi biyu na ruwa a dusar. Da na dawo ƙwan sun cika sun yi ɓul-ɓul, yana murna, ni ma na yi murna. Na ga dusar ta yi duhu fiye da yadda na bar ta, amma ganin lotsawar ta tafi sai ban bincika ba. Wannan sakaci nawa ne, ba nasa ba, domin ni ne babba kuma ni na san inji.

A daren kwana na 19 aka yi ruwan farko mai ƙarfi na Maris, da iska, aka ɗauke wuta tun bayan isha har hantsi. Janaretana ƙarami ne, injinan kaji biyu na ɗora masa, ina ganin ƙwan maciji zai jure sanyi fiye da su. Ta fuskar zafi kawai, lissafin bai yi kuskure ba: da safe ma'aunin zafi ya nuna 26, kuma dare ɗaya a haka ba ya kashe ƙwan mesa. Abin da ban lissafa ba shi ne murfin robar. Da na buɗe, cikinsa ya yi gumi sharkaf, manyan ɗigo na rataye, wasu sun riga sun zubo a kan ƙwan sun kwanta a kwarin da ke tsakaninsu.

A nan ya kamata a tsaya a fahimci abin da ke faruwa, domin shi ne zuciyar lamarin. Iska mai ɗumi tana riƙe tururi fiye da mai sanyi. A cikin rufaffiyar roba mai jiƙaƙƙiyar dusa a digiri 31.5, iskar ta ƙoshi da ruwa iya ƙoshi. Da zafi ya sauka, murfi ne ke fara hucewa saboda shi ne siriri kuma shi ke fuskantar waje, dusa da ƙwan kuwa suna riƙe da ɗuminsu. Tururin da ke tashi daga ƙasa sai ya tarar da murfi mai sanyi ya koma ruwa, kamar dai murfin tukunyar tuwo. Wato raɓar ba ta nuna cewa danshi ya yi daidai, ba ta kuma nuna ya yi yawa kawai. Tana nuna cewa wani sashe na akwatin ya fi wani sanyi. Ƙwan mesa yana son iska mai laima ƙwarai, amma fatarsa tana son zama a bushe, domin ta cikinta ɗan ke numfashi. Ruwan da ya kwanta a kai yana toshe hanyar iska, yana kuma buɗe wa fumfuna ƙofa.

Dumso, wato ɗaukewar wuta, ya maimaita kansa sau uku a wannan makon. Kullum in goge murfi, kullum ya sake gumi. A kwana na 24 wari ya tarbe ni tun kafin in ɗaga murfin. Ƙwai ɗaya na gefe, wanda ya fi nutsewa a dusar, ya koma ruwan toka da kore, yana naso. Biyu da ke manne da shi sun yi farin gashin fumfuna a ƙasa, ɗaya kuma ya yi wani tabo mai sheƙi, kamar takardar da mai ya taɓa. Ma'aunin danshi har lokacin 72 yake nunawa.

Wannan lambar ce ta sa na zauna. Ba zai yiwu murfi na ɗigar ruwa ma'auni na cewa 72 ba. Na tuna gwajin da wani malamin koyar da kiwon kaji ya nuna mana shekarun baya: ka cika murfin kwalba da gishirin girki, ka ɗiga ruwa har ya jiƙe ba tare da ya narke ba, ka rufe shi tare da ma'aunin a cikin kwalba ko leda mara huji, ka bar su kwana ɗaya. Iskar ciki za ta tsaya a kusan kashi 75. Namu ya nuna 54. Ashe tun ranar farko ƙarya yake mana da kusan maki 20, kuma feshin da ya sha ya ƙara lalata shi. Lokacin da yaron ke ta zuba ruwa don ya kai 90, akwatin ya riga ya kai. Garin neman gira muka kusa rasa ido.

Na kira shi ya zo, na nuna masa komai. Idanunsa suka ciko. "Kawu, ni na kashe su."

Na ce, "Ɗana, ɗaya ne ya mutu, kuma mu biyu muka yi. Wanke hannunka ka riƙe mini tocila."

Biyar ɗin duk suna da jijiyoyi ja, har mai tabon. A ɗaya ma muka ga inuwa ta motsa.

Shawarar da ta fi wuya ita ce ta mataccen ƙwan. Masu sana'ar da yawa suna barin sa, domin ƙwai mai rai yana da kariyar kansa, kuma in ka ja da ƙarfi ka yaga ɓawon maƙwabcinsa ka yi asarar biyu. Da a tsakiyar curin yake da na bar shi. Amma a gefe yake, wuri biyu kawai ya manne, yana kuma zubar da ruwa. Na ɗauki zaren ɗinki mai ƙarfi na zura tsakaninsu, ina ja a hankali kamar mai yanka sabulu, ina karkata zaren ta ɓangaren mataccen don in za a yage shi ya yage. Ya ɗauke ni kusan minti 20. Fumfunar sauran muka share da busasshiyar auduga, muka ɗan barbaɗa hodar maganin ƙaiƙayin ƙafa a wurin kawai, kamar yadda masu kiwon ke yi.

Dusar muka zubar gaba ɗaya. Muka wanke sabuwar roba mai zurfi, muka shimfiɗa wankakkiyar tsakuwa kamar kaurin yatsu uku, muka zuba ruwa mai ɗumi bai kai saman tsakuwar ba. A kai muka ɗora gindin kwandon roba da na yanke, ƙwan suka zauna a kansa yadda alamar fensir ta nuna. Ruwa na ƙasa, iska na jiƙe, babu abin da ke taɓa ƙwan sai raga. Ramuka biyu ƙanana kawai muka huda. Na sa katako a ƙarƙashin gefe ɗaya na robar don ta ɗan karkata, duk ɗigon da ya taru a murfi ya gangara bango maimakon ya faɗo tsakiya. Fankar na juya mata fuska zuwa bangon firjin.

Amma gyaran da na fi yarda shi ya ceci kwancin ba a cikin robar yake ba. Gorunan ruwa ne na lita ɗaya da rabi, guda 10, da na cika na jera a ƙasan firjin da gefunansa. Ruwa yana jinkirin ɗaukar zafi, yana jinkirin saki. Daren da aka sake ɗauke wuta na awa bakwai, na lulluɓe firjin da bargo biyu ban buɗe ba, da safe na tarar da 29.5 maimakon 26, murfin kuma hazo-hazo kawai ya yi, ba ɗigo. Tun da saman akwatin da ƙasansa suka riƙa hucewa tare, raɓar ta rasa inda za ta taru.

Daga ranar na bar kallon ma'aunin danshi. Sikelin da nake auna abincin kaji na koma wa: na auna robar da komai nata na rubuta a bango, duk kwana huɗu in sake aunawa, abin da ya ragu in mayar da ruwa mai ɗumi ta kusurwa. Da wuya ya wuce cokali biyu ko uku. Sau biyu a mako in ɗaga murfi na ɗan lokaci don iska ta sauya. Fumfunar ta dawo sau ɗaya a ƙwai guda, muka share, ba ta sake ba.

Daga baya na karanta cewa wasu masu bincike daga Faransa da Ostareliya sun yi aiki a kan wannan mesa a wata gona a Lome a farkon shekarun 2000. Sun gano cewa babban amfanin naɗewar da uwa ke yi wa ƙwanta shi ne hana su rasa ruwa. Waɗanda aka bari babu uwa sun fi bushewa, gwaiduwarsu ta daskare, 'ya'yan suka kasa shanye ta duka, suka fito ƙanana. Abin ya zauna mini daidai. Uwar ba ta jiƙa ƙwanta, rufe su take yi, a cikin rami mai zurfi inda zafin rana da sanyin dare ba sa kaiwa da ƙarfi. Duk abin da muka yi da tsakuwa da goruna da bargo ƙoƙarin gina wannan ramin ne a cikin firji.

Sai kwana na 46, ƙwan suka sake lotsawa, wannan karon duka biyar, har fiye da na farko. Murfin kuma ya koma yin gumi ko da wuta ba ta ɗauke ba. Yaron ya zo da kwalbar feshinsa a aljihu.

"Kawu, sun sake bushewa. Ko kaɗan ne mu fesa."

Na nuna masa lissafin bango: nauyin robar bai sauya ba. Na kuma sa ya ƙirga kwanakin. Lotsawa a kwana na 11 ƙishirwa ce, lotsawa a makonni biyun ƙarshe alamar ɗan ya girma ne yana shanye abin da ke ciki, ɓawon yana saki don ya samu yagawa. Gumin murfin ma daga su yake: 'ya'yan sun yi girman da jikinsu ke fitar da ɗan ɗumi, cikin robar ya ɗara wajenta zafi. Ma'aunin da na sa a tsakanin ƙwan ya nuna kusan digiri ɗaya sama da na firjin. Don haka maimakon ƙara ruwa, na ƙara rami ɗaya, na koma ɗaga murfi kullum ina goge shi, na rage saitin da rabin digiri. Kwalbar feshin na karɓa na ajiye a ɗakina. Na san da wuya mutum ya ga abin da ya ba shi tsoro sau ɗaya ya dawo, a ce masa ya naɗe hannu, amma a wannan makon naɗe hannun shi ne aikin.

A safiyar kwana na 56 na ga tsaga biyu a saman ƙwai ɗaya, kamar an ja reza, da kumfa a bakinsu. Da ɗan ƙaramin haƙorin da ke kan hancinsa yake yin wannan yankan, haƙorin kuma faɗuwa yake bayan ya gama aikinsa. Da azahar kai ya leƙo, baƙi da ruwan zinariya, harshe na fita. Yaron ya so ya taimaka masa ya fito, na hana. Sukan zauna a ciki kwana ɗaya ko biyu suna shanye ragowar gwaiduwa, in ka ja su ka tsinke musu abincin makonninsu na farko. Uwargida da kanta ta zo bakin ƙofa ta leƙa, ta ce "Ikon Allah," ta koma.

Huɗu suka fito tsakanin kwana na 57 da na 58, kowanne tsakanin gram 61 da 68. Na biyar, mai tabon nan wanda kuma yana cikin biyun da suka fara lotsawa, sai a kwana na 59 ya tsaga, ya fito da gram 44, da ɗan ragowar gwaiduwa mai tauri da ya bari a ɓawo. Na cika alƙawarin da na yi: da yammar ranar yaron ya kwashe su a roba mai jiƙaƙƙiyar takarda ya kai wa maigidansa, aka shigar da su littafin gonar.

Bayan kwana 12 ya kira ni ya ce huɗun sun yi saɓar farko sun karɓi 'yan ɓeraye. Ƙaramin ya yi tasa saɓar a makare, ya ƙi abinci har sau biyu, a na uku ya kama. Maigidan ya ce ba zai sa shi a cikin na fitarwa ba, yana cikin waɗanda za a mayar wajen Ejura tare da uwar idan damina ta zauna. Robar da tsakuwarta da gindin kwandon yaron ya tafi da su wurin aikinsu, gorunan ruwan kuma na bar su a firjin, domin ƙwan zabin da na zuba bayan nan ma sun amfana da su.